Shekarar da Aka Laƙaba Mini Kunkuru

Dukkanku kun buɗe ido ne kun tarar ana kirana Isiya Kunkuru, kuma na san babu wanda a cikinku bai taɓa zagayawa ya tambayi uwarku dalili ba. Ita kuwa takan ce ai don ba na gudu da mota ne. Allah ya saka mata da alheri, rufin asiri take yi mini, amma ba haka zancen yake ba. Yanzu da idona ya fara dushewa, hannuna kuma ya daina riƙe filaya yadda nake so, na ga gara ku ji maganar daga bakina kafin wani ɗan tasha ya ba ku ita a karkace. Sunan nan da tsokana aka sa mini shi, a lokacin ma'anarsa maƙaryaci, kuma saura kaɗan ya raba ni da mahaifina.

Sai na fara da kakanku, Malam Bawa Direba, don in ba ku san dokar gidansa ba, ba za ku gane komai ba. Ya fara jan babbar mota tun garin nan yana amsa sunan Abuja, kafin a ɗauke sunan a kai wa sabon birni a bar mu da Suleja. Mutum ne mai barkwanci, mai son nama, mai saurin fushi da saurin hucewa, amma akwai abu ɗaya da ba ya wasa da shi: ba a rantsuwa a gidansa. Kalmar nan ta wallahi da kuke ji ana watsawa a kasuwa a kan cinikin tumatir, na tashi ban taɓa jin ta a bakinsa ba, mu ma bai bar ta ta zauna a namu ba. Yakan ce sunan Allah ya fi ƙarfin a jingina masa farashin taya. Ka faɗi abu sau ɗaya, wanda zai yarda ya yarda. Da wannan aka san shi a tasha, har in direbobi biyu suka yi rigima akan ce a je wurin Malam Bawa, abin da ya ce shi ke nan. A shekarun da nake ba ku labari idanunsa sun riga sun tafi, kullum yana zaure a kan buzunsa, amma kunnen nan yana nan garau. Mota za ta wuce ta ƙofar gida ya ce ta wane ce, kuma fulogi ɗaya ba ya ci. Bayan magariba ni da shi muke cin tuwo a akushi ɗaya. Duk cikin 'ya'yansa ni ya zaɓa, kuma ina ji da wannan fiye da yadda na taɓa faɗa wa kowa.

Ni rewaya ne, kun sani, wutar mota ce sana'ata, ina da ɗan shagona a hanyar tasha. Lokacin wahalar mai ne, ƙarshen mulkin soja. Layi yakan taso daga gidan mai ya sha kwana, mutum ya yini a kai ya dawo da tanki wayam. Direbobin da ke jigilar ma'aikata zuwa Abuja suka ƙirƙiro dabara: da sun haye tudu ta wajen Zuma sai su kashe mota su sa ta firi, ta gangara da kanta cike da fasinja, kowa yana salati a zuci. A cikin wannan hali Alhaji Ɗanlami, mai shigo da tsofaffin injina, ya ce zan raka shi Japan in riƙa duba masa kayan wuta, don ya gaji da sayo gawa. Muka sauka a wani garin bakin teku a tsakiyar sanyinsu. Alhaji ya leƙa waje sau ɗaya, ya koma ɗaki ya rungume hita, ya ce shi a nan garin bakin teku zai tsaya. Ni ya tura can arewa, wurin wani tsoho mai filin yanka motoci.

A jirgin ƙasa na fara ganin dusar ƙanƙara. Da ina zaton tauri ne da ita, irin ƙanƙarar da masu zoɓo ke fasawa da guduma. Ashe ba haka ba ne. Saukowa take yi a hankali, ba ta sauri, ba ta ƙara, ta zauna maka a hannun riga ka ga tana da zane kafin ta narke. Muka fito daga wani dogon rami a cikin dutse, sai na ga duniya ta zama fara fat: gonaki, rufin gidaje, wayoyin lantarki, har rassan itatuwa kowanne da nasa kason. Abin da ya fi kama ni shi ne shirun. Ni ɗan Suleja ne, na tashi cikin hon da kiran 'yan kamasho, ban san ƙasa guda tana iya yin tsit haka da rana tsaka ba. Na tsaya a bakin tashar jirgin, hayaƙi yana fita daga bakina, na ce ikon Allah sai kallo. Tsohon ya zo ya tarbe ni, gajere, mai furfura, da ɗan guntun Turancinsa, ni ma da nawa. Sunansa ya fi ƙarfin harshena, sai na riƙa kiransa Maigida, har ya saba yana amsawa.

A gidansa na sauka, shi da matarsa. Kun san tarbiyyarmu, baƙon da ya san kansa ba ya tashi da safe ya miƙe ƙafa yana jiran shayi. In mai masaukinka yana da mota, ka wanke masa ita kafin ya fito. Na leƙa na ga wata 'yar sabuwar mota a ƙofar gida, dusa ta lulluɓe ta. Na cika bokiti a famfo, na ɗauki tsumma, na fita na watsa mata ruwa tun daga rufi, yadda nake yi wa tawa. Kafin in juya in matse tsumman, ruwan ya daskare. Mota ta zama kamar an zuba mata narkakken gilashi, tsumman da na aza a kan boneti ya manne ya ƙi tasowa, ƙofofi duka sun like. Matar gidan ta fito ta rufe baki da hannu biyu, kafaɗunta suna rawa. Maigida ya zagaya motar, ya ja ƙofa, ya dube ni, ya dubi bokitin, sai ya fashe da dariya har ya zauna daɓas a cikin dusar. Kunya kamar in nutse. Bai yi mini faɗa ba. Ya ɗauko wani buroshi mai dogon hannu ya nuna mini cewa a nan share mota ake yi, ba a wanke ta a waje. Muka yi ta fama da tawul mai ɗumi kafin ƙofa ɗaya ta buɗe, daga ranar kuma muka zama abokai.

Muka shiga, ya murza makulli. Ni da na ƙare ƙuruciyata a kan gyaran sitata, kunnena ya miƙe yana jiran kukan nan da kowace mota ke yi kafin ta tashi, balle a wannan sanyi, ga babbar motarsa ta dizal can a fili ana ta fama da ita tana tari. Ban ji komai ba. Inji kawai ya kama, sumul. Na ce a raina wataƙila kunnena ne sanyi ya toshe. Muka yi tafiya mai ɗan nisa, inji ya yi zafi, muka iso wata danja ta tsayar da mu. Sai mota ta mutu, tsit. To, ni me na sani? Mota ta mutu a kan titi, ga motoci a baya, ai ba a jira a ce maka. Na buɗe ƙofa na dira, na zagaya baya na kafa kafaɗa, ina ce masa da Hausa ya sa ta lamba biyu. Danja ta ba da hannu, na tura, na ji ta tafi da sauƙi, har na fara yaba ƙarfina. Sai ta bar ni a tsaye. Na bi ta da kallo tana tafiya a kan shimfiɗaɗɗen titi, ba gangara ba, babu ƙarar inji, babu hayaƙi a salansa, ba ka jin komai sai ƙurmus-ƙurmus ɗin dusa a ƙarƙashin taya. Ban san sa'ad da kalmar shahada ta fito daga bakina ba.

Ya tsaya gaba kaɗan, na iske shi yana share hawayen dariya. Ranar bai kai ni wurin injina ba sai da ya buɗe mini motar. A bayan kujerar baya akwai wani babban batir, ba irin namu ba. A gaba kuma ga injin fetur, an haɗa shi da wani injin lantarki, su biyu suna jan taya ɗaya. Wani lokaci wannan ya ja, wani lokaci wancan, wani lokaci su haɗu, kuma motar ce da kanta ke zaɓa. Ya ce haibirid ake kiranta, ba ta daɗe da fitowa ba. Na nemi sitata na rasa, na nemi altaneto na rasa, wato rabin abin da nake ci da shi babu shi a jikinta. A tsakiyar dashbod akwai ɗan talabijin mai kibiyoyi da ke nuna inda ƙarfi yake fitowa da inda yake zuwa. Ya ƙara hita, inji ya farka, ya rage, inji ya koma barci. Da hannu da guntun Turanci ya fahimtar da ni cewa ɗumin da muke ji daga injin fetur yake fitowa, saboda haka da sanyi ba ta samun hutu sosai, tana shan mai fiye da yadda take sha da zafi. Batir ɗin ma, in ji shi, yana jin sanyi kamar mutum, ba ya ba da ƙarfinsa duka sai ya ɗumama.

Bayan 'yan kwanaki muka tafi wani fili da ke bayan dutse don duba injina. Wannan hanyar har gobe ina ganinta in na rufe ido. Motar share hanya ta tara dusa hagu da dama, ta yi bango ya fi motarmu tsawo. Kwalta ba a ganinta, sai wasu kibiyoyi da aka rataya a sama suna nuna bakin titi. Kafin mu tashi Maigida ya kama yatsana ya danna shi a jikin taya. Roba ce mai laushi, an tsattsaga ta da ƙananan tsagu. Ya daki tayar da tafin hannu, ya ɗaga babban yatsa, sannan ya daki boneti ya karkaɗa hannu, wato duk wayon motar nan, in babu tayar sanyi, aikin banza ne. Muka kama hawa mai tsawo, kwana bayan kwana. Da farko tana ja lafiya lau, injinan biyu sun haɗa ƙarfi. Can sai na ji ta fara nauyi, ya taka ba ta amsawa kamar da. Wata 'yar fitila ruwan ɗorawa ta kama a gabansa. Na leƙa, na murtsuke ido na sake leƙawa. Hoton kunkuru ne, da ƙoƙon bayansa da ƙafafunsa. Maigida ya shafa dashbod kamar mai lallashin jaki, ya ce ta gaji, batir ya yi ƙasa, tana roƙo a bi ta a hankali. Haka muka ƙarasa hawan muna rarrafe, ga babbar mota a bayanmu, kuma direbanta bai danna hon ko sau ɗaya ba.

Da muka juya gangara sai ya nuna mini talabijin ɗin. Kibiyoyin sun juya baya, daga taya suna komawa cikin batir. Motar tana riƙe kanta a kan gangara, kuma wannan riƙon shi ne take mayarwa wuta tana tarawa. Kafin mu kai ƙasa kunkuru ya ɓace. Na tuna direbobinmu a gangaren Zuma, sun kashe inji, sun sa ran mutane a hannu don su tsira da kofin fetur, ga wata mota a nan ana gangarawa tana cika rumbunta. Idona ya kawo ruwa. Na yi ta jinjina yadda Allah ya ba ɗan Adam basira, na kuma ji wani irin kishi da ban san sunansa ba.

A wani faffaɗan fili da ba kowa ya miƙa mini sitiyari. Na taka totur da ƙafar Suleja, irin ta ba ta wuta. Taya ta juya a banza, nan take motar ta janye ƙarfinta da kanta, ta ƙi ni. Maigida ya aza hannu a kan gwiwata yana dannawa kaɗan-kaɗan, har ƙafata ta gane abin da ake nufi, mota ta ɗaga salin-alin. Ya sa na taka birki a kan santsi, na ji birkin yana karkarwa a tafin ƙafata, kuma akwai wani ɗan lokaci da za ka ji kamar ta sake ka kafin ta sake kamawa, gabanka ya faɗi. Ya koya mini in bayan mota ya zame kada in taɓa birki, in kalli inda nake son zuwa in mai da sitiyari can. Na yi ta yi har jikina ya karɓa. Daga ƙarshe rawar kai ta sa na shiga inda ba a share ba, cikinta ya zauna a kan dusa, don gajeriya ce. Da shebur muka tono ta, ni da tsoho, muna haki.

Na dawo gida cike da labari, ciki har yana yi mini ƙaiƙayi. Washegari da hantsi na je majalisarmu ta gindin mangwaro a tasha, wurin mai shayi. Maganar dusa sun karɓa, sun taɓa gani a talabijin. Da na zo kan motar da ke tafiya inji a kashe, sai aka fara kallon juna. Oga Bitrus makanike, mutumin kirki ne, ya ce wataƙila gangara ce ban lura ba. Na ce ba gangara ba ce. Na ce tana tara wuta in tana sauka, aka yi tsaki. Sai bakina ya kai ni ga kunkuru. Lado Kamasho, wanda bakinsa ya fi reza, ya ajiye kofinsa.

"To shi kunkurun, Oga Isiya, fetur ake ba shi ko ciyawa?"

Majalisa ta kece, har mai shayi ya zubar da madara. Na fito da hoton da muka ɗauka da Maigida, suka ce ai wannan mota ce kamar kowace mota, hoto kuma ba ya ƙara balle a ji shirunsa. Aka tambayi Alhaji Ɗanlami, ya ce shi tsakaninsa da Allah bai gani ba, yana ɗaki. Gaskiya ya faɗa, amma ta kashe ni. Sai Lado ya ce abu mai sauƙi ne, in rantse, magana ta ƙare. Na buɗe baki, kalmar ta ƙi fitowa. Ban taɓa furta ta ba tun da aka haife ni. Na ce na faɗa sau ɗaya, ya isa. Suka ce to ka gani.

Labari ya riga ni isa gida. Baba ya saurare ni daga farko har ƙarshe bai katse ni ba, kansa a sunkuye. Da na gama sai ya ɗago kai ya ce:

"Na ja mota kafin a haife ka. Abin da ba a kunna ba, ba ya tafiya sai a gangara. Ban ce ka yi ƙarya ba, Isiya. Amma kada in sake jin maganar nan a waje."

Da magariba aka kawo akushinsa, aka kawo mini nawa tuwon a kwano daban. Ba wanda ya yi mini bayani, ban kuma tambaya ba. Na ci abin da na iya ci. Dariyar tasha ba ta dame ni kamar wannan kwanon ba.

Gida ya rabu a kaina. Uwarku ta ce in koma majalisa in ce wasa nake yi, kowa ya yi dariya a wuce wurin. Inna, kakarku, ta ja ni ɗaki ta ce in je in rantse musu sau ɗaya, ai gaskiya ce, kuma Malam ba zai ji ba. Yaya Musa ya ce na zubar da sunan da tsoho ya gina, daga zuwa ƙasar waje sau ɗaya na dawo da tatsuniya. Masu kawo gyara suka fara raguwa, don wanda zai ce akwai kunkuru a mota, me zai hana ya ce batirinka ya mutu alhali da ransa? Yara suna bin bayana suna kiran sunan. Ke Rabi ba za ki tuna ba, kin taɓa dawowa daga makaranta kina kuka an ce miki 'yar Kunkuru. Na auna abin ta kowace fuska. In na ce wasa ne, na yi ƙaryar da ake zargina da ita. In na rantse, na karya dokar mutumin da nake neman yardarsa. Sai na zaɓi in yi shiru yadda ya umarta, ban janye ba, ban rantse ba. Haka muka ci rani, muka shiga damina, kullum kwanona daban.

Ana tsakiyar damina aka yi rasuwa a Maje, wani tsohon direba da suka yi zamani da Baba. Baba ya ce a kai shi gaisuwa, kuma ni kaɗai ke da mota a gidan. Muka tafi. Muna can aka tafka ruwa. A dawowa, hanyar ta zama jan taɓo, ga wata gangara da ke sauka zuwa kwalbatin rafi. Muna cikin sauka bayan motar ya zame, ya nufi rami. Ban yi tunani ba. Ƙafata ta ƙi zuwa birki, idona ya tafi bakin kwalbatin, hannuna ya bi shi, mota ta miƙe. A hawan can ɓangaren na sa ta lamba biyu, na taɓa totur kaɗan-kaɗan yadda hannun Maigida ya koya wa gwiwata, ta haye ba tare da taya ta juya a banza ko sau ɗaya ba. Da muka hau kwalta Baba ya ce in tsaya, in kashe mota.

"Ni na koya maka tuƙi a taɓo," in ji shi, "amma wannan ba ƙafata ba ce. Ƙafar nan ta taka abin da ya fi taɓo santsi."

Na ce haka ne, Baba.

"Motar nan taka ta Japan. Ina ta gaza?"

Na san tambayar. Ita yake yi wa duk dillalin da ya zo yana yabon mota, don a wurinsa wanda bai ja mota ba, yabonta kawai ya sani. Na faɗa masa duka. Na ce da sanyi tana shan mai fiye da ƙa'idarta saboda hita. Na ce a dogon hawa batir yana ƙarewa ta koma rarrafe. Na ce cikinta yana zama a kan dusa mai zurfi, da shebur muka tono ta. Na ce in taya ta zame takan janye ƙarfi a daidai lokacin da kake nemansa, kuma ba tayar sanyi ba ta da wani wayo. Ya tambaye ni birkin, na kama hannunsa na karkaɗa masa a tafi yadda yake karkarwa, na nuna masa inda take sakinka kafin ta kama. Ya ce in sake faɗa masa yadda ta bar ni a danja. Na sake. Ya jingina da kujera, ruwa yana ɗiga daga itatuwa a kan rufin mota, fuskarsa ta yi wani irin haske da ban taɓa gani ba.

"Babu ƙara ko kaɗan?"

"Sai ta taya a kan dusa, Baba."

"Allah mai iko," ya ce a hankali. "Da ta wuce ta ƙofar gidana, da ban san ta wuce ba."

Washegari da hantsi ya sa babbar rigarsa, ya ce in kama hannunsa zuwa tasha. Rabonsa da wurin tun idonsa ya tafi. Majalisa ta miƙe tsaye, aka kawo masa benci, ya ƙi zama. Ya tambaya ko Lado yana nan, Lado ya amsa da ƙaramar murya. Baba ya ce ya ji an nemi ɗansa ya rantse ya ƙi, kuma shi ya hana shi tun yana yaro. Sannan ya ɗaga hannun dama.

"Wallahi ɗana ya ga abin da ya ce ya gani."

Ba wanda ya motsa. Akwai tsofaffi a wurin da suka san shi tun yana yaron mota, ba su taɓa jin kalmar nan a bakinsa ba. Oga Bitrus ya cire hularsa. Ni kuwa na ji kamar na sa mahaifina ya sayar da gonarsa saboda ni. A hanyar gida na kasa daurewa, na ce masa bai kamata ya karya abin da ya riƙe tsawon rayuwarsa don ni ba. Ya matse hannuna.

"Wa ya ce maka karyawa na yi? Ajiye kalmar nake yi. Da na ɓarnatar da ita a cinikin taya, yau da me zan tsaya maka?"

Bai kai ga jin shirun motar ba, Allah ya jiƙansa. Sai bayan rasuwarsa da shekaru irinta ta fara shigowa garin nan, yau kuwa kuna ganinsu a hanyar Abuja ko juyowa ba kwa yi. Amma ranar da muka dawo daga tasha, da magariba, akushi ɗaya aka kawo zaure. Muka wanke hannu. Ya lalubo tsokar naman da ke cikin miya, shi da ba ya haɗa nama da kowa, ya turo ta gabana.

"Ci mana, Kunkuru," in ji shi.

Shi ya sa ba ku taɓa jin na hana kowa kirana da sunan ba.